Duba Manyan Magudanan Ƙarƙashin Ƙasa da Kyamara, da Kalmomin da Aikin Yake Bukata a Hausa

1. Gabatarwa

Abin da wannan takarda ta ƙunsa kashi biyu ne. Na farko, bayanin yadda injiniyoyi suke duba cikin manyan magudanan ƙazanta da ke binne a ƙasa, ba tare da sun haƙa ba, ba kuma tare da sun zura mutum ciki ba. Na biyu, nazarin kalmomin da Hausa take da su game da wannan aiki, da wuraren da ake bukatar a daidaita ma'anarsu, domin malamin da zai koyar da kiwon lafiya ko aikin gini a kwalejin horon malamai ya sami abin da zai riƙe.

An ɗauki ƙasar Gaya da Ajingi, a gabashin Jihar Kano, ta zama abin misali. Waɗannan ƙananan hukumomi biyu, tare da Albasu, su ne Masarautar Gaya bisa dokar da aka yi a shekarar 1924 da ɗari, watau 2024. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yashi, Kogin Haɗeja kuma yana ratsa yankin bayan ya wuce Wudil ya nufi Ringim. Ruwan sama a nan yakan zubo ne cikin 'yan watanni kaɗan, ya fi ƙarfi a watan Agusta, saboda haka hanyar da ruwa zai bi ya fita daga gari babbar magana ce ga mai gida da mai gona da mai mota baki ɗaya.

2. Hanyoyin Ruwa da Sunayensu

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ruwan da aka gama amfani da shi sai an ba shi hanya, kuma ya sa wa kowace gaɓa ta wannan hanya suna. Ruwan da ya zuba a kan soro yana sauka ta indararo. Na tsakar gida yana fita ta rariya, wadda wasu ke kira wuriya, watau kafar da ake bari a gindin katanga. Idan ruwan wanka ne ko na wanke-wanke, sai ya taru a kwatami a bayan gida, ko ya bi kwata ya gangara kududdufi, inda aka haƙi ƙasar gini. Bayan gida kuwa yana da ramin kansa, masai ko shadda ko salga.

Da Turawa suka zo da titi da siminti, sai sababbin kalmomi suka shigo. Kwalbati, watau bututu ko ƙaramar gada da ruwa ke bi ta ƙarƙashin titi, aro ne daga Turanci. Haka nan lambatu, babbar kwata ginanniya, wadda siffarta ta nuna 'yar'uwar lambawan ce, dukansu daga ƙirgar Turanci. Kalmar da ta haɗa duka ita ce magudana, wadda aka ƙera daga aikatau gudana.

Abin lura shi ne, kusan dukan waɗannan hanyoyi a buɗe suke, ido yana ganinsu. A Gaya da Ajingi, kamar a yawancin garuruwan ƙasar Hausa, kowane gida da raminsa, ba a tara bayan gidan gari a bututu guda. Abin da ke binne a ƙasa a wannan yanki shi ne kwalbatocin da ke ƙarƙashin tituna, kamar hanyar da ta tashi daga Wudil ta bi ta Gaya ta nufi Dutse, sai kuma sassan lambatu da aka rufe da murfin kankare a cikin gari. A birnin Kano akwai rafin Jakara, wanda ke kwashe ruwan cikin birni tun daga wajen Kasuwar Kurmi; a zamanin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka soma aikin gine shi da rufe shi a shimfiɗa titi a kai. A Abuja kuwa, tun a tsarin birnin aka binne bututun ƙazanta da ke kai ruwa matatar Wupa. Ke nan duk inda gari ya girma, magudana tana komawa ƙarƙashin ƙasa, ido ya daina ganinta. Daga nan ne matsalar dubawa take farawa.

3. Dalilin Dubawa

Birnin Landan shi ne misalin da aka fi ambata. A shekarar 1854 likita John Snow ya nuna cewa cutar kwalara da ta ɓarke a wata unguwa ta fito ne daga ruwan famfo guda wanda ƙazanta ta gurɓata. A 1858 warin Kogin Tems ya addabi majalisar dokokin Ingila, sai aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanai, waɗanda tsawonsu ya kai mil 82, aka soma a 1859. Har yau ana amfani da su. A shekarar 2025 aka kammala haɗa wani sabon babban rami a ƙarƙashin kogin, mai tsawon kilomita 25 da faɗin mita 7.2, don ya rage musu nauyi. Ginin da ya shekara 160 yana ɗauke da ruwa dare da rana, lalle sai an riƙa sanin halin da yake ciki.

Magudana takan lalace ta hanyoyi uku. Na farko, nauyin ƙasa da na manyan motoci yana tsaga bututu ko ya gocar da mahaɗinsa. Hausawa suna cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan ƙadangaren shi ne ruwan ƙasa da saiwar itace. Ruwan da ke tsiyayowa ta tsaga yana janyo yashin da ke dafe da bututun, a hankali sai kogo ya buɗe a bayansa, kwalta kuwa tana nan a sama kamar ba abin da ya faru, har ranar da babbar mota za ta hau titin ya rufta. A ƙasa mai yashi irin ta Gaya da Ajingi wannan ya fi saurin aukuwa, domin yashi ba ya riƙe kansa kamar yumɓu.

Na biyu, toshewa. Yashi da laka da leda da karan dawa suna taruwa a ƙasan kwalbati, faɗin da aka auna wa ruwa ya ragu, idan damina ta yi ƙarfi sai ruwan ya haura titi ko ya koma cikin gidaje. Mutanen da ke zaune a bakin Kogin Haɗeja sun san ambaliya, musamman ta shekarar 2001 wadda ta yi ɓarna a jihohin Kano da Jigawa. Kwalbatin da ya toshe ba shi ne ke kawo irin wannan ambaliya ba, amma yana hana ruwan janyewa da wuri.

Na uku ya shafi bututun bayan gida kaɗai. Ƙwayoyin halitta da ke cikin dagwalo suna fitar da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta taɓa rufin bututu mai laima, wasu ƙwayoyin sai su mayar da ita ruwa mai cin siminti, irin ruwan batir. Wani masani a Malbon ta ƙasar Ostareliya, C. D. Parker, shi ya bayyana wannan a 1945. Saboda haka bututun kankare yakan ci ne daga sama, inda ruwa ba ya taɓawa, abin da mai kallo daga waje ba zai zata ba.

4. Dalilin da Ya Sa Ba a Son Zura Mutum

Masu haƙar rijiya a ƙasar Hausa sun san cewa rami mai zurfi yakan riƙe mugunyar iska, shi ya sa mai hankali a cikinsu yakan zura fitila tukuna, in ta mutu ya fasa shiga. Sukan kuma haska ƙasan rijiya da madubi, su karkato hasken rana cikinta. Injiniyoyin da ma haka suka yi: mutum ɗaya ya riƙe fitila a wannan bakin bututu, wani ya leƙa da madubi a wancan bakin, in haske ya fito a kewaye cif sai a ce bututun a miƙe yake. Wannan dabara tana nuna toshewa, amma ba ta nuna tsaga.

Inda bututu yake da faɗin da mutum zai shiga, sai a tura ma'aikaci da fitila. Haɗarin wannan babba ne. Iskar nan mai warin ƙwai ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasan rami take kwanciya. Idan ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya zaci ta tafi alhali a lokacin ta fi yawa, sai ya faɗi sumamme. Sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake zama. Akwai kuma wata iskar mai kama wuta, wadda ta sa fitilar mai haƙar rijiya ba ta dace da magudanar ƙazanta ba ko kaɗan. Har wa yau, ruwan sama da ya zuba a wata unguwa mai nisa yana iya cika bututu cikin 'yan mintoci. Waɗannan dalilai su suka sa aka nemi idon da ba ya numfashi.

5. Yadda Ake Aikin

Wani kamfani na birnin Kil a ƙasar Jamus, mai suna IBAK, ya fito da kyamarar talabijin ta duba magudana a shekarar 1957. Kyamarorin farko da igiya ake jansu daga wannan baki zuwa wancan. Na yau iri-iri ne. Ƙaramin bututu ana tura masa kyamara a kan sanda mai lanƙwasa. Matsakaici da babba ana sa musu 'yar mota mai ƙafafu wadda ke rarrafe a ciki, tana jan wayar da ke kawo mata wuta, ta kuma mayar da hoto zuwa akwatin kallo a cikin mota a kan titi. Kan kyamarar yana juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, kamar wuyan mujiya.

Kafin a fara, sai a wanke bututun da ruwa mai ƙarfin feshi, domin tsagar da laka ta rufe ba ta fita a hoto. Sa'an nan a sauke na'urar ta ramin da aka bari don shiga, a daidaita kyamarar ta tsaya a tsakiyar bututu. A jikin abin naɗe waya akwai ma'aunin da ke ƙirga mita nawa aka shiga, adadin yana fitowa a kan hoton. Ba a gaggawa: ƙa'idar Amurka ta hana a wuce ƙafa 30 a minti guda, watau kamar mita 9. Duk inda mai duba ya ga aibi sai ya tsaya, ya juya kyamara ta fuskance shi, ya rubuta.

Babban bututu yana da wahaloli na kansa. Hasken da ya wadaci ƙarami ba ya kai bangon babba, sai an ƙara fitilu. Ruwansa kuma ba a iya tsayar da shi, don gari ba ya daina wanka. Saboda haka akan ɗora kyamarar a kan wani ɗan kwale-kwale, a haɗa ta da na'urori biyu. Ɗaya tana zana zoben haske a bango, daga siffar zoben a gane ko bututun ya lotsa, ko siminti ya ci. Ɗayar tana aika sauti cikin ruwa ta saurari amsa-kuwwa, yadda jemage yake yi cikin duhu, ta haka a auna tudun laka da ke ƙasa. A 'yan shekarun nan ana kuma tura ƙaramin jirgi marar matuƙi, wanda aka kewaye da keji don kada ya bugi bango. Kwalbatocin titi irin na Gaya da Ajingi sun fi sauƙi, domin da rani a bushe suke. Lokacin dubansu shi ne bazara, kafin ruwan farko.

Amma fa kyamara tana da iyaka. Fuskar bango kaɗai take gani, ba ta ganin kogon da ya buɗe a bayansa. Sai dai mai duba ya yi aiki da alama: in ya ga ruwa yana tsiyayowa ta mahaɗi, ga kuma tsibin yashi mai tsabta a ƙarƙashinsa, ya san ƙasar waje ce take shigowa.

6. Rubuta Abin da Aka Gani

An ce gani ya kori ji. To, amma mai gani ɗaya ne, masu yanke shawarar kashe kuɗi kuwa rahoto za su karanta. Idan wannan ma'aikaci ya rubuta "ya ɗan lalace", wancan ya rubuta "ya fashe", alhali abu guda suka gani, rahoton bai amfana kome ba. Wannan ya sa Cibiyar Binciken Ruwa ta Ingila ta fitar da littafin daidaita sunayen aibobin magudana a 1980. Amurka ta bi sawu da nata tsarin a farkon shekarun 2000, inda ake ba kowane aibi daraja daga 1, mafi sauƙi, zuwa 5, mafi tsanani. Ƙasashen Turai ma suna da nasu na bai ɗaya.

A waɗannan tsare-tsare ana faɗin wurin aibi da abu biyu: nisansa daga bakin rami, da matsayinsa a kewayen bututu bisa fuskar agogo. Ƙarfe 12 shi ne rufi, ƙarfe 6 shi ne ƙasa inda ruwa ke bi, ƙarfe 3 da ƙarfe 9 su ne haƙarƙari biyu. Wannan bai bukaci wata sabuwar kalma a Hausa ba.

7. Abin da Hausa Take da Shi

Inda ake bukatar aikin mai nazarin harshe shi ne sunayen aibobin. Tsarin Ingila ya bambanta matakai huɗu na lalacewar bango, kuma Hausa tana da aikatau da zai dace da kowanne, in an yarda a tsayar da ma'anarsa:

(a) Tsagewa: layi ya bayyana a bango, amma bakinsa bai buɗe ba.
(b) Darewa: tsagar ta buɗe ana ganin tsakaninta, amma kowane ɓangare yana mazauninsa.
(c) Fashewa: ɓangarorin sun motsa daga mazauninsu, ko wani ya ɓalle.
(d) Ruftawa: bangon ya faɗo ciki, hanya ta rufe.

A maganar yau da kullum mutane suna musanya tsage da dare, ba laifi. A rahoto kuwa tilas a raba su, domin na farko sa ido yake bukata, na biyu gyara. Sauran aibobin su ne gocewa, ga mahaɗin da ya kauce, lotsawa, ga bututun da ya bar siffarsa ta kewaye, zaizayewa, ga bangon da ya ci, tsiyaya, ga ruwan da ke shigowa daga waje, yoyo, ga wanda ke fita, sai toshewa.

Mai karatu zai lura cewa yawancin waɗannan aikatau suna ƙarewa da wasalin e: tsage, dare, fashe, goce, zaizaye, toshe. A rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa a 1960, inda ya kasa su aji bakwai, waɗannan suna aji na huɗu, wanda ke nuna aiki ya auku gaba ɗaya, sau da yawa ba tare da an ambaci mai yinsa ba. Ana cewa "wane ya tsaga itace", amma "bango ya tsage". Rahoton duba magudana kuwa labarin abin da ya sami bututu ne, saboda haka wannan aji ya dace da shi sarai. Daga gare shi kuma ake samun siffar hali: a tsage, a goce, a toshe.

Wata baiwar ita ce ninki. Tsarin Turawa yana da alama dabam ga tsaga guda da kuma tsagogi masu yawa a wuri ɗaya. Hausa tana yin wannan a cikin kalmar kanta: ya tsage, ya tsattsage, ya fashe, ya farfashe. Tsagar da ta bi tsawon bututu a ce tsagar tsaye, wadda ta kewaye shi a ce tsagar zobe.

Game da sunayen wuri da kayan aiki, Hausa tana da ɗafin ma- wanda ke haifar da suna iri uku daga aikatau guda. Daga auna ana samun ma'auna, wurin awo. Da ma'auni, abin awo. Da ma'auni, mai yin awo, wanda karin sauti kaɗai ya raba shi da na biyu, domin gaɓarsa ta tsakiya ƙasa take. Ta wannan hanya aka sami magudana da madubi. Ramin nan da ake bari a kan titi mai murfin ƙarfe, wanda ta cikinsa ake sauke kyamara, ana iya kiransa maleƙa, daga leƙa, bisa ƙirar majema da marina.

Ita na'urar kuwa, kalmar kyamara ta riga ta zauna, ba dalilin korarta. Kalmar na'ura ma baƙuwa ce tun asali, daga Larabci, inda take nufin keken ɗebo ruwa daga kogi. Ga ma'aikacin, akwai tsohon misali a duba-gari, sunan da aka sa wa ma'aikatan tsabta tun zamanin Turawa, wanda ya haɗa aikatau da suna. Bisa wannan ƙira ana iya cewa duba-kwata. Sai dai tarihi ya nuna cewa sunan abin hawa da na inji masu aiki da su ne ke raɗa shi, kamar yadda aka sami a-kori-kura da a-daidaita-sahu ba da izinin wani kwamiti ba. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero a bayanta, sun ƙera kalmomi da dama, wasu suka karɓu, wasu suka tsaya a takarda. Saboda haka ya fi kyau a bar wa ma'aikata sunan na'ura, a mai da hankali ga sunayen aibobi, inda saɓani yake jawo hasara.

8. Kammalawa

Amfanin dubawa shi ne a yi gyara tun yana da araha. Tun 1971, lokacin da Eric Wood ya gwada dabararsa a Landan, ana iya zura riga mai jiƙe da wani irin danƙo cikin tsohon bututu, a hura ta ta manne da bango, ta daskare ta zama sabon bututu a cikin tsoho, ba tare da an fasa titi ba. Amma wannan yana yiwuwa ne ga bututun da ya tsage ko ya dare. Wanda ya rufta sai haƙa.

Ƙaramar hukuma irin Gaya ko Ajingi ba lalle ne ta mallaki motar kyamara ba kafin ta ci moriyar wannan ilmi. Ma'aikacin sashen ayyuka da ke da tocila da tef na awo da wayar hannu mai ɗaukar hoto yana iya bin kwalbatocin yankinsa da bazara, ya tsaya a bakin kowanne ya haska, ya rubuta abin da ya gani da kalmomi tsayayyu, ya ba shi daraja daga 1 zuwa 5. Idan ya maimaita haka shekara mai zuwa da kalmomin nan dai, za a san wanda ya tashi daga tsagewa ya koma darewa, a fara da shi. Malaman kwalejoji su ne za su iya sa waɗannan kalmomi a bakin ɗalibai, su kuma gwada su a kan magina da ma'aikatan tsabta na garuruwansu, domin a ga waɗanda suka zauna da waɗanda ke bukatar sauyi.